Cakulan da Gyaɗa Ba Alkama: Acha, Shinkafa, Garin Kanti, ko a Bar Garin Gaba Ɗaya?

Gidan da likita ya hana wa wani alkama ba ya shan wahalar tuwo. Na shinkafa yana nan, na masara da na dawa suna nan, mu a Jos ga na acha. Inda abin yake ciwo shi ne wajen kayan maƙulashe: kek ɗin biki, cincin ɗin sallah, dubulan, alkaki, fanke, har biskit ɗin da ake jefa wa yaro a jakar makaranta. Duk alkama ce. Yaro yana kallon 'yan'uwansa suna ci, shi an ce ya haƙura. Daga nan uwargida take ɗaura ɗamarar haɗawa da kanta, kuma yawanci a kan cakulan da gyaɗa take tsayawa, don ƙamshinsu yana da ƙarfin rufe ɗanɗanon kowane gari, ga maiƙon gyaɗa yana hana abu bushewa.

Da an zo nan kuma sai ra'ayi ya rabu. Wata ta ce acha, wata ta ce garin shinkafa da sitaci, wata ba ta yarda da komai sai garin kanti da ake shigowa da shi daga waje, wata ta ce duk ki bar su, gyaɗa da ƙwai sun isa. Akwai ma hanyar da ko wuta ba a kunnawa. Biyar ke nan. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari mu fara da abin da za mu auna su da shi.

Ma'aunan

Na farko, kuma shi ne babba, haɗari. Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai na ƙasashen sanyi. Shi ne danƙon da kike ji idan kin ja kwaɓin fanke ya biyo hannunki. Masu guje masa ba ɗaya ba ne. Akwai mai cutar siliyak, wanda idan ya ci gulutin garkuwar jikinsa take afka wa bangon ƙaramin hanjinsa, har ya kasa tsotse amfanin abinci. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita. Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar alkama, ya yi borin jini ko numfashi ya sarƙe. Akwai kuma wanda kawai ya lura cikinsa ya fi kwanciya idan ya bar fulawa. Na ukun nan ɓurɓushi ba zai dame shi ba. Na farko da na biyu kuwa ɓurɓushin ne abin tsoro. Ƙa'idar da duniya ke bi ta ce kafin a kira abinci marar gulutin, kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Idan kika lissafa, fulawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ƙaramin cokali ba ta isa ta kai kilo guda na garinki bakin iyakar.

Ki riƙe wannan lissafin a ranki, sannan ki tuna injin niƙan unguwarku. Wadda ta riga ki layi alkama ta kawo don kunu ko alkaki, mai injin ya ɗan bubbuga, ya ce zuba naki. Garin achar da kika wanke da hannunki ya fito da abin da kike gudu. Haka rariyar da ake tankaɗe fulawa, da muciya mai tsaga, da gwangwanin kek da ba ya wankuwa a kusurwa. A ganina, a garuruwanmu, yawancin haɗarin a hanyar da garin ya biyo yake, shi ya sa zan dinga tambayar kowace hanya: ta bi ta inji ko ba ta bi ba?

Kalma ɗaya kafin mu wuce. Idan zargin siliyak kawai kike yi, kada ki yanke wa yaro alkama kafin a gwada shi. Gwajin jini da na hanji suna buƙatar a same shi yana kan cin gulutin, in ba haka ba sakamakon zai iya nuna lafiya lau alhali cutar tana nan.

Na biyu kuɗi. Na uku jurewa: kwana nawa abin zai yi, kuma zai iya zama ba firij idan an ɗauke wuta? Na huɗu sauƙi: yana son oben, ko tukunya da yashi ta isa? Ɗanɗano kuma zan faɗe shi a kowanne yadda na same shi.

Garin da kike zaune ma yana da nasa tasirin. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, iska ba ta da nauyi, saboda haka kek yakan tashi da gaggawa sannan ya lotsa a tsakiya. Kek marar gulutin, da dama ba shi da abin da zai riƙe shi, ya fi saurin faɗawa wannan. Amma sanyinmu yana rama mana: cakulan yana daskarewa a kan tebur lokacin hunturu. Abuja akasin haka ce, gashi ba ya ba da matsala, amma a watan Maris da Afirilu cakulan ba ya zama, don man koko yana narkewa tun daga wajen digiri 34.

Abu biyu da duk hanyoyin suka haɗu a kai

Gyaɗa. Shawarata ki sayi tsabarta ki niƙa da kanki. Ki baza ta a tire a wuri mai haske, ki tsince duk wadda ta yamutse, ko ta canza launi, ko ta fashe, ko take warin rima. Dalili shi ne gubar afalatoksin, wadda wani irin fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba. Tana cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita, tsincewar ce ke rage ta. Bayan nan ki soya a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja, ki murje ɓawon ki sheƙe, ki zuba a bilenda tun da ɗuminta. Da farko za ta zama gari, sai ta dunƙule ta manne a gefe, za ki ɗauka ta ƙi. Ki kashe bilendar ta huta, ki kankare gefen, ki sake kunnawa. Can sai man ya fito, ta saki ta yi sheƙi tana zuba daga cokali. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, ba kya buƙatar ƙara komai sai ɗan gishiri. Turmi ma yana yi, sai dai ƙarfi.

Tunkuza ba za ta maye gurbinta kai tsaye ba, don an matse manta. Idan ita ke gare ki sai kin mayar mata da man gyaɗa cokali biyu ko uku a kowane kofi, kuma ta kasuwa ba ki san injin da ta bi ba. Ta kwalba da ake sayarwa a kanti tana da sauƙin aiki tunda ba ta tsatstsafo mai, amma ta fi tsada, kuma yawanci an riga an sa mata sukari, sai ki rage naki.

Cakulan. Nan zaɓi biyu ne: hodar koko zalla, ko sandar cakulan da ake narkarwa. Hodar ta fi araha nesa ba kusa ba, tana daɗewa a gwangwani, kuma abu ɗaya ne a cikinta. Sandar ta yi tsada ƙwarai a 2024, lokacin da farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda amfanin gona ya lalace a Kwaddibuwa da Gana, ƙasashen da ke noma fiye da rabin kokon duniya. Ko da yake ana noma shi a Ondo da Osun da Kuros Riba, farashin duniya ne yake bin mu har kanti. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne garin shayi mai cakulan da muke haɗa wa yara da safe. Wannan ba hodar koko ba ce, haɗi ne na sukari da madara da molt, kuma molt sau da yawa daga sha'ir ake yin sa. Haka sandar da aka cusa wa biskit ko wefa. Ki karanta bayan kwali kowane lokaci, har da na bekin foda da na kustad. Mai kiyaye halal kuma ta duba ruwan banila, na asalin da barasa ake jiƙa shi.

Hanya ta ɗaya: ba gari, ba gashi

Dabino kofi ɗaya, an cire ƙwallo an duba ciki saboda tsutsa, niƙaƙƙiyar gyaɗa rabin kofi, hodar koko babban cokali uku, ɗan gishiri. Idan dabinon busasshe ne ki jiƙa shi minti goma a ruwan ɗumi ki tsane. Ki daka a turmi mai tsabta har ya haɗe, ki mulmula ƙanana, ki birkiɗa su a gogaggiyar kwakwa ko garin aya. Duk wadda ta taɓa daka dakuwa ta riga ta iya wannan.

Kuɗinsa a kan dabino yake, wanda yakan yi tashin gwauron zabo da azumi. Yana yin mako guda a rufe a wuri mai sanyi, kusan biyu a firij. Haɗarin gulutin kusan babu, muddin ba a taɓa daka alkama a turmin ba.

Idan kina son ki ƙawata shi, ki narkar da sandar cakulan a kwano bisa ruwan zafi, ki zuba kaɗan a takardar kek, ki ɗora cokalin gyaɗa, ki rufe da wani cakulan ɗin. Ki kula kada ko ɗigon ruwa ya shiga kwanon, nan take zai cure ya ƙi narkewa. A Jos da hunturu rabin awa a kusa da taga ya ishe shi daskarewa. A Abuja sai da firij, kuma ba abin sa wa yaro a jaka ba ne.

Rauninsa a fili yake: alawa ce, ba kek ba. Ba za a yanka ta a gaban baƙi ba.

Hanya ta biyu: gyaɗa da ƙwai, a gasa

Wannan ce na fi so mutum ya fara da ita, kuma ita ce aka fi rainawa, don mutane ba sa yarda biskit zai tsaya ba gari. Yana tsayawa. Ƙwai yana ɗaure shi, gyaɗar kuma ita ce garin, ita ce man.

Niƙaƙƙiyar gyaɗa kofi ɗaya, sukari rabin kofi, ƙwai ɗaya, hodar koko babban cokali uku, bekin soda rabin ƙaramin cokali. Ki juya da cokali har kwaɓin ya yi tauri ya bar jikin kwano. Ki mulmula, ki jera a tire, ki danne kowanne da bayan cokali mai yatsu. Digiri 180, minti 10 zuwa 12. Ga inda ake kuskure: idan kin fito da su za su yi laushi kamar ba su gasu ba, kina taɓawa su wargaje. Kada ki mayar da su wuta, kada ki ɗaga su. Ki bar su a tiren minti goma, suna hucewa suna ƙarfi.

Idan mai laushin ciki kike so, irin wanda ake yankawa murabba'i, ki ƙara ƙwai ya zama biyu, ki sa zuma rabin kofi a madadin sukari, hodar koko sulusin kofi, ki zuba a ƙaramin gwangwani ki gasa wajen minti 20 a digiri 175. Tsinke ya fito da ɗan danshi, kada ki jira ya fito a bushe.

Tukunya da yashi tana yin wannan sosai. Ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri a gindin babbar tukunya, ki rufe ya yi zafi minti goma, ki ɗora murfin gwangwani ko duwatsu uku, tiren ya hau kai. Wuta ƙasa-ƙasa, don gyaɗa da koko suna saurin ƙonewa ta ƙasa, kuma launinsu ba ya bari ki gane da ido. Hancinki ne zai gaya miki.

Tsayin Jos bai cika damun wannan hanyar ba tunda ba tashi ake nema ba. Biskit ɗin yana yin mako a kwalba mai murfi, mai laushin kwana uku zuwa huɗu. Kuɗin matsakaici ne, gyaɗa ce ke ci. Injin niƙa bai shigo ko'ina ba. Abin da za a ce a kansa shi ne nauyi: yana da maiƙo, biyu sun ishi babba, kuma ɗanɗanon gyaɗa ne a gaba, cakulan yana biye.

Hanya ta uku: garin acha

Mu mutanen Filato muna da gata a nan. Acha abincin gida ne, ana noma ta a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom da sauran sassan jihar, da ita ake gwate da tuwo da kunu, kuma a halittarta ba ta da gulutin. A kasuwannin Jos da Bukur da mudu ake auna ta, yayin da a Abuja sau da yawa sai dai a ƙulle a leda a kanti, kuɗin ya ninka. Ta fi sauƙi da kaka, bayan an yi girbi.

Cikin garin da muke da su a gida, nata ne ya fi dacewa da cakulan. Yana da laushi, ba shi da wari mai ƙarfi, ɗan ƙamshinsa ma ya yi kusa da na gyaɗa. Amma acha tana da haƙƙinta da sai an biya, wato yashi. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, girmanta ɗaya da yashin da ke shiga lokacin sussuka. Sai kin rege ta a ƙwarya, kina karkatawa a hankali, achar tana bin ruwa zuwa ɗaya ƙwaryar, yashin yana kwantawa a gindi. Ki maimaita har ki shafa gindin ƙwaryar da yatsa ki ji sumul. Ko an ce miki wankakkiya ce, ki sake. Tsakuwa ɗaya a tuwo ana haƙuri, a kek kuwa ta ɓata tire guda. Bayan nan ki shanya a tire a rufe da yadi mai shara-shara ta bushe ƙayau, ki niƙa a ƙaramin kofin bilenda na busassun kaya, kaɗan-kaɗan, ki tankaɗe da rariyar da kika ware mata. Tunda ƙwayar ƙarama ce, bilendar gida tana iya ta, ba sai an je inji ba. Wannan babbar fa'ida ce da shinkafa ba ta da ita.

Ga awon da ke fita da kyau: narkakken bota ko man gyaɗa rabin kofi, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, ƙwai biyu, hodar koko rabin kofi, garin acha rabin kofi, ɗan gishiri. Ki buga ƙwai da sukari har su yi haske, ki zuba mai, sannan koko da gari. Sai ki ajiye kwaɓin minti 20 zuwa 30. Wannan hutun shi ne sirrin. Garin yana shan ruwa ya saki, ba za ki ji ɓurɓushi a harshe ba. Ki juye a gwangwani, ki ɗiɗɗiga niƙaƙƙiyar gyaɗa babban cokali huɗu a sama, ki ja da bakin wuƙa ta yi zane. Digiri 175, minti 22 zuwa 25. Kada ki yanka sai ya huce sarai.

Mudun acha yakan fi na masara da na dawa tsada saboda wahalar surfenta, amma rabin kofi kawai tire yake ci, mudu ɗaya zai kai ki nesa. Yana yin kwana uku a rufe, a sanyin Jos har huɗu. Wahalarsa a shirin garin take, shi ya sa ya fi kyau ki niƙa da yawa ki adana a kwalba. Garin acha na leda da ake sayarwa yana rage aiki, amma ga mai siliyak sai kin tabbatar ba injin haɗaka aka kai shi ba.

Iyakarsa: acha ita kaɗai ba ta yin dogon kek mai soso. Idan kin matsa mata da bekin foda za ta tashi ta faɗi. Kuma don Allah a daina cewa tunda acha ce mai ciwon sukari ya ci son ransa. Sukarin da ke cikin tiren bai san da acha aka haɗa shi ba.

Hanya ta huɗu: garin shinkafa da sitaci

Ita ce mafi araha, kuma ita ce ta fi ba da wahala. Garin shinkafa kashi biyu, sitacin masara ko na rogo kashi ɗaya. Shi kaɗai garin shinkafa yana da ƙaiƙayi a baki, kuma kek ɗinsa yana ruɓushewa kamar tubalin da ba a sa wa ramno ba. Sitacin yana tausasa shi, amma don ya riƙe sai an ƙara ƙwai, ko a sa hodar danƙon zantan, rubu'in ƙaramin cokali a kowane kofin gari, wadda sai a shagon kayan kek ake samu.

Idan an dace yana ba da kek mai tashi wanda ya yi kusa da na fulawa, kuma hodar koko da gyaɗa suna ɓoye ƙarancin ɗanɗanonsa. A Jos ki rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bekin foda, ki ƙara madara cokali ɗaya ko biyu. Matsalarsa biyu. Yana bushewa washegari, ranar da aka yi ya kamata a ci. Sannan shinkafa tana da tauri, bilendar gida ba ta cika mayar da ita lilis ba, sai an jiƙa shinkafar tuwo an shanya an daka, ko a kai inji. Da an ce inji kuma mun koma inda muka fara.

Hanya ta biyar: garin kanti

Haɗaɗɗen gari ne da ake shigowa da shi, yawanci garin shinkafa ne mai laushi ƙwarai da sitacin dankali da na rogo da danƙon zantan, an auna an haɗa. Kina ɗaukar tsarin kek ɗinki na da, ki sa shi a madadin fulawa kofi da kofi. Wasu kwalayen suna ɗauke da tambarin zangarniya da aka soke da layi, alamar an gwada su sun cika ƙa'idar miligiram 20. Ga mai siliyak wannan tambarin kwanciyar hankali ne da garin kasuwa ba zai ba ta ba.

Amma kuɗinsa da dala yake tafiya, ƙaramin kwali yana iya cin kuɗin mudun acha da yawa. A manyan kantunan Abuja ana samu, a Jos sai an yi sa'a ko an yi sautu, kuma yau akwai gobe babu. Ki duba ranar lalacewa, kaya ne da ke daɗewa a kanta. Kek ɗinsa ma kwana biyu ne ya fara bushewa. Kuɗin da kika biya na sauƙi ne da aminci. Wajen daɗi, da cakulan da gyaɗa, bai fi acha ba.

| Hanya | Kuɗi | Jurewa | Sauƙi | Inda haɗarin yake |
|---|---|---|---|---|
| Dabino da gyaɗa, ba gashi | Matsakaici, ya yi tsada in an sa sandar cakulan | Mako 1, firij mako 2 | Mafi sauƙi, turmi kawai | Turmi, da abin da ke cikin sandar |
| Gyaɗa da ƙwai | Matsakaici | Biskit mako 1, mai laushi kwana 3 zuwa 4 | Sauƙi, tukunya da yashi ta isa | Kaɗan ƙwarai, tire da cokali |
| Garin acha | Sauƙi a Jos, tsada a Abuja | Kwana 3 zuwa 4 | Shirin garin da aiki, gashin da sauƙi | Yashi, da inji in an kai |
| Shinkafa da sitaci | Mafi araha | Kwana 1 zuwa 2 | Sai an gwanance | Injin unguwa |
| Garin kanti | Mafi tsada | Kwana 2 | Sauƙi, amma yana son oben | Kaɗan in da tambari |

Wa ya dace da wanne

Idan likita ya tabbatar da siliyak a gidanki, ki tsaya kan hanya ta ɗaya da ta biyu a matsayin na yau da kullum, ki ƙara da achar da kika wanke kika niƙa da hannunki. Ki ware rariya ɗaya, muciya ɗaya, gwangwani biyu, ki ɗaura musu zare ja kowa a gidan ya san ba a taɓa su da fulawa. Ranar da ake cincin kuma kada ki gasa wa yaron nasa, ƙurar fulawa tana yawo a kicin ta sauka a kan komai.

Abin sa wa a jakar makaranta, biskit ɗin gyaɗa da ƙwai ne. Ba ya narkewa, ba ya son firij, yana riƙe ciki.

Kek ɗin suna ko na biki mai hawa, wanda za a yi wa ado a yanka a gaban jama'a, nan ne garin kanti ya cancanci kuɗinsa. Sau ɗaya ko biyu ne a shekara. Ki gasa shi ana gobe taro da yamma ko da safen ranar.

Baƙi za su zo shan shayi da la'asar a Jos, kina son abin da za a ci a tambaye ki yadda aka yi, ki yi na acha mai zanen gyaɗa. Idan lokacin sitiroberi ne, irin wanda ake nomawa a wajen Vom, ki yanka 'yan kaɗan a gefe, tsaminsa yana yanke maiƙon.

Mai zama a Abuja da wuta ba tabbas, ta bar cakulan mai narkewa sai sanyi ya shigo, ta riƙe hodar koko da abin da aka gasa. Da azumi kuma dunƙulen dabino ya fi komai dacewa da buɗa-baki, ana yin na mako a zama ɗaya.

Wadda ba cuta ce ta hana ta ba, rage fulawa kawai take so, kuma aljihu ya yi ƙasa, shinkafa da sitaci sun ishe ta, injin unguwa ma ba zai cutar da ita ba. Ta dai yi kaɗan, wanda za a cinye a ranar.

Mai son yin sana'a da shi ta fara da acha da biskit ɗin gyaɗa, su ne kayansu ba sa yankewa a kasuwa. Amma idan a kicin ɗaya take gasa na fulawa, kada ta rubuta wa kayanta cewa ba gulutin. Ta rubuta abin da ke ciki, ta faɗi gaskiyar kicin ɗinta, mai siliyak ya yanke wa kansa hukunci. Ta kuma rubuta gyaɗa ɓaro-ɓaro a jikin leda, don akwai waɗanda ita ce ke tayar musu da borin da zai iya toshe numfashi cikin mintuna. Idan a gidanki akwai irin wannan, niƙaƙƙen riɗi yana hawa gurbin gyaɗa a duk awon da na bayar, kofi da kofi, sai dai ki ƙara sukari cokali ɗaya saboda ɗan ɗacinsa, kuma ki fara tambayar likita ko riɗin ma ya halatta gare shi.